Annoba a Cikin Wasan Kwamfuta: Nazarin Lamarin Gurɓataccen Jini na 2005

## Kafin Satumban 2005: wurin da mutanensa

Wannan nazari ya bi sawun wata annoba ce da ta ɓarke a cikin wasan kwamfuta, tun daga ranar da ta fara har ranar da aka shawo kanta, da abin da masana lafiya suka tsinta a ciki daga baya. Babu ɗan Adam ko ɗaya da ya kwanta ciwo a dalilinta. Sai dai waɗanda suka gudu, da waɗanda suka tsaya jinya, da waɗanda suka riƙa yaɗa ta da gangan, duk mutane ne masu rai zaune a gaban kwamfutocinsu, kuma abin da suka aikata shi ne abin dubawa a nan.

Wasan shi ne World of Warcraft na kamfanin Blizzard da ke jihar Kalifoniya a Amurka, wanda ya fito a Nuwamban 2004. Duniya ce sukutum a kan intanet, da birane da dazuzzuka da kasuwanni, tana ta tafiya dare da rana ko ka shiga ko ba ka shiga ba. Kowa yana da jaruminsa da yake sarrafawa, yana cuɗanya da jaruman mutanen da bai taɓa gani ido da ido ba. A Agustan 2005 kamfanin ya sanar cewa masu biyan kuɗin wata sun haura miliyan 4, kuɗin kuwa a Amurka kusan dala 15 ne. Da yake duniya ɗaya ba za ta ɗauki wannan jama'a ba, sai aka yi mata kwafi da dama, kowane kwafi a kan uwar garkensa, wato babbar kwamfutar da take ɗauke da shi, da mazauna dubbai. Za mu bi ɗaya daga cikinsu ba tare da kama suna ba, domin duk inda cutar ta samu shiga, labarin kusan ɗaya ne.

Jarumi yana farawa daga mataki na 1. Ƙarshen hawa a lokacin mataki na 60 ne, kuma yawancin mutane sai sun shafe watanni kafin su kai can. Kowane jarumi yana da ma'aunin rai, wanda yara a gidajen gem suke ce wa jini. Sabon shiga jininsa bai kai maki 100 ba, na mataki na 60 kuwa yana da dubbai. In jini ya ƙare jarumi ya faɗi, sai ya farka a matsayin fatalwa a maƙabarta mafi kusa, ya tako zuwa inda gawarsa take ya tashi. Ƙwarangwal ɗinsa yakan saura a ƙasa na wani lokaci. Abin da mutuwa take ci masa shi ne lokacinsa da kuɗin gyaran kayan yaƙi.

Kowa da sana'arsa. Akwai maharba masu yawo da dabbar da suka horar, damisa ko kerkeci ko makamancinsu, akwai matsafa masu yawo da aljanin da suka kirawo. Dukansu suna iya sallamar abokin tafiyar nasu ya ɓace daga allo, su sake kiransa duk sa'ad da suka ga dama. Akwai masu warkarwa, waɗanda aikinsu a fagen fama shi ne mayar wa abokai jinin da suka rasa. Sannan akwai 'yan gari waɗanda kwamfuta ce take tafiyar da su, irin su mai banki, mai gwanjo, dogarai da masu shaguna. Su ba sa barin wurin aikinsu.

'Yan wasan sun kasu ɓangare biyu masu gaba da juna. A wancan lokacin kowane ɓangare birni ɗaya ne yake da gidan gwanjo a cikinsa: Ironforge, wanda aka sassaƙa a cikin dutse, da Orgrimmar na ɗaya ɓangaren. In ban da wani ƙaramin gari a hamada, babu wani wurin da za ka sa kayanka a kasuwa. Don haka kowa can yake nufa. A Ironforge banki da gidan gwanjo suna kallon juna, ga akwatin wasiƙa a nan kusa, kuma filin da ke tsakaninsu yakan cika har kwamfuta mai rauni ta riƙa maƙalewa. Zuwa birnin kuma ba wuya. Kowane jarumi yana da wani dutse da yake mayar da shi masaukinsa nan take, a lokacin sau ɗaya a awa, masu sihiri kuma suna buɗe ƙofar da za ta jefa ƙungiya guda cikin birni a ƙiftawar ido.

## Talata, 13 ga Satumba 2005: buɗe Zul'Gurub

A wannan rana kamfanin ya saki sabuntawa mai lamba 1.7, wadda ta buɗe sabon fagen yaƙi mai suna Zul'Gurub, wani tsohon birni da kurmi ya cinye. An tsara shi don ƙungiyar mutum 20, duk manyan jarumai. A can ƙarshensa akwai babban bos, Hakkar, dodo mai jikin maciji da fukafukai. Cikin makamansa akwai wata cuta da aka raɗa wa suna Corrupted Blood, wato gurɓataccen jini.

Aikinta mai sauƙi ne. In ta kama jarumi, takan zuƙe masa ɗaruruwan maki na jini duk bayan daƙiƙa biyu, tsawon kamar daƙiƙa goma, sannan ta sake shi. A cikin wannan ɗan lokaci tana tsallakawa kan duk wanda yake tsaye kusa da shi. Wanda ta saki bai samu wata kariya ba, ana iya sake shafa masa nan take. Mutum biyu da suke kafaɗa da kafaɗa suna iya yi ta miƙa wa juna ita har ɗaya ya faɗi.

Manufar masu tsara wasan ita ce su tilasta wa ƙungiyar ta warwatsu a filin yaƙi, su kuma hana masu warkarwa sakat. Ga jarumi mai dubban maki, ga mai magani a bayansa, wahala ce da za a iya jurewa. Lissafinsu ya tsaya a kan cewa cutar ba ta da tsawon rai, wurin yana da nisa da gari, kuma babu mai shiga sai ƙaƙƙarfa. A cikin ganuwar Zul'Gurub wannan lissafi daidai yake.

## Kwanakin farko: yadda ta fita

Abin da ba a lissafa ba shi ne dabbobin. Cutar tana kama dabbar maharbi kamar yadda take kama shi. Maharbin da ya ga dabbarsa tana gab da mutuwa a tsakiyar yaƙi, abin da hankali zai ba shi shi ne ya sallame ta. To amma wasan yana ajiye dabbar da aka sallama ne a daidai halin da take ciki, agogon cutar ma tsayawa yake. Daƙiƙun da suka rage suna nan daskare, ko bayan awa ɗaya, ko bayan kwana.

Yaƙi ya ƙare, maharbi ya shafa dutsensa, sai ga shi a birni. Ya nufi filin banki don ajiye ganima, ya kira dabbarsa. Agogon ya ci gaba daga inda ya tsaya, a tsakiyar ɗaruruwan mutane da suke maƙale da juna.

Da a ce 'yan wasa kaɗai take kamawa, da wataƙila ta cinye na kusa ta mutu da kanta. Amma ta kama 'yan garin nan da kwamfuta take tafiyarwa. Su ba ta kashe su, ba sa kuma gusawa daga inda aka kafa su, sai suka zama rumbun cutar: suna ɗauke da ita, suna miƙa wa na kusa da su, suna shafa wa duk wanda ya matso yin ciniki. Masu gwanjon da kowa yake buƙata su ne suka koma wurin da ya fi ko'ina haɗari.

A duba abin da ya samu ƙaramin jarumi, a ce ɗan mataki na 10 da ya shigo aika wasiƙa. Bai taɓa jin sunan Hakkar ba, bai ma isa zuwa kurmin ba. Yana isowa filin sai jininsa ya zube a bugu ɗaya ko biyu. Ya farka fatalwa a maƙabarta, ya tako da gudu zuwa gawarsa, ya tashi. Amma gawar tana cikin taron da ya kashe shi, don haka yana miƙewa sai ya sake faɗuwa. Kowace faɗuwa kuwa ƙwarangwal take bari. Hotunan da 'yan wasa suka ɗauka a kwanakin suna nuna filayen biranen biyu fari fat da ƙasusuwa, wani kan wani, har ba a ganin daɓen.

Manyan jarumai kuwa galibi suna sha da ƙyar. Su ne suke iya yawo da ita daga unguwa zuwa unguwa ba tare da sun faɗi ba.

## Makon farko: abin da jama'a suka yi da kansu

Kafin kamfanin ya ce uffan, mutane sun fara motsi, kowa da irin nasa.

Masu warkarwa da dama sun nufi biranen don ceto. Suna tsayawa a bakin taro suna mayar wa mutane jini, suna tayar da waɗanda suka faɗi. Babu wanda ya aike su, babu ladan da wasan ya tanadar wa wannan aiki. Sakamakon ya zo da fuska biyu. Wanda aka ƙara wa jini ya daɗe a tsaye, wanda ya daɗe a tsaye kuwa ya daɗe yana shafa wa na kusa. Masu maganin su ma ta kama su, wasunsu suka tafi da ita inda ba ta kai ba.

Ƙananan jarumai waɗanda ba su da ikon warkar da kowa sai suka samo wa kansu aiki. Suna tsayawa nesa da ƙofar gari suna tare masu shigowa, suna rubuta gargaɗi a zauren hira cewa kada a kusanci banki da gidan gwanjo. Cikin 'yan kwanaki jama'a suka gano da kansu cewa tazara tana hana kamuwa, cunkoso ne yake kisa, kuma dabbar da aka kira daga ajiya abar tsoro ce. Babu malamin da ya koyar da wannan. Da faɗuwa da tashi da tambayar juna aka gane.

Wasu suka bar birni suka koma ƙauyuka da dazuzzuka inda babu kowa. Wasu suka daina shiga wasan gaba ɗaya har sai ƙura ta lafa. Biranen da a da ba a samun wurin sa ƙafa suka yi tsit, ciniki ya ja baya.

Akwai kuma masu zuwa kallo. Sun ji labari a zauren hira, suna zaune lafiya a wuri mai nisa, amma sai sun gani da idonsu. Niyyarsu su leƙa su fita da sauri. Da yawansu ta kama su, wasu suka koma da ita inda suka fito.

Sai kashi na ƙarshe, waɗanda suka fahimci sirrin dabbar sarai suka mayar da shi makami. Sukan shiga Zul'Gurub musamman don dabbarsu ta kamu, su sallame ta, su nemi wurin da mutane suka taru, su kira ta. Duk inda aka ce an samu mafaka, can suke nufa. Ba su da yawa in aka kwatanta da sauran jama'a, amma sun fi kowa sanin yadda cutar take aiki, kuma sun riga kamfanin kansa gwada iyakarta.

## Tsakiyar Satumba zuwa ƙarshensa: abin da kamfanin ya gwada

Matakin farko shi ne killacewa ta son rai. An nemi masu ɗauke da cutar su keɓe kansu, masu lafiya kuma su nisanci wuraren da ta kama. Babu shinge, babu hukunci, roƙo ne kawai.

Duk wanda ya yi karatun hadisi zai tuna umarnin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya zo a Bukhari da Muslim: in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, in kuma ta ɓarke kuna ciki kada ku fita. Umarnin ƙofa biyu yake rufewa, ta shiga da ta fita. A wannan lamari duka biyun a buɗe suka kasance. Masu kallo da masu ceto sun shiga, masu gudu da masu ɓarna sun fita. Mutane da yawa sun bi roƙon, amma bin nasu bai hana komai ba matuƙar akwai maharbi ɗaya da zai kira dabbarsa a bakin banki.

Mataki na biyu shi ne kashe uwar garke a sake kunna ta, tare da ƙananan gyare-gyare. Wannan yakan wanke titi. 'Yan garin da suka kamu su koma lafiya, ƙasusuwa su ɓace, jama'a su fara dawowa. Sai dai Zul'Gurub yana nan a buɗe, Hakkar yana nan da makaminsa, hanyar dabbobi kuma ba a toshe ta ba. Ba a jimawa sai wani ya sake shigowa da ita, a koma gidan jiya.

Wani injiniyan kamfanin ya bayyana daga baya irin tsaka mai wuyar da suka shiga. Dabbobin da suka kamu suna ajiye ne a cikin bayanan masu su, ba a ganinsu a ko'ina a cikin duniyar wasan. Ko dai a bi kowace dabba a kowace uwar garke a kowace ƙasa a duba ta, ko kuma a cusa wa wasan wani sabon umarni da zai riƙa binciken dabba duk lokacin da aka kira ta. Kowanne aiki ne ja, kuma ana yinsa ne a kan wasan da miliyoyin mutane suke ciki suna biyan kuɗi.

## 8 ga Oktoba 2005: rufe ƙofar

Kwana 25 bayan ɓarkewar, aka saka wa wasan faci, wato gyaran da ya hana cutar kama dabbobi kwata-kwata. Da aka haɗa shi da sake kunna uwayen garke, sai ya zama an wanke abin da ke waje, an kuma toshe hanyar fito da sabo. Gurɓataccen jini ya koma inda aka tsara masa tun farko, tsakanin Hakkar da mutum 20 da suka je yaƙarsa da ƙafarsu. Jama'a suka koma filin banki, ciniki ya ci gaba.

## 2007: da masana suka waiwayo

Tun 1927 masu nazarin yaɗuwar cututtuka suke aiki da lissafin da Kermack da McKendrick suka shimfiɗa, wanda ya kasa jama'a uku: waɗanda za su iya kamuwa, masu ɗauke da cuta, da waɗanda suka warke ko suka rasu. An yi ta faɗaɗa shi tun daga lokacin, amma wuri ɗaya ya ci gaba da ba da wahala, wato abin da mutum zai yi in ya ji tsoro. Mai lissafi dole ya yi zato, domin babu mai sakin cuta a gari don ya ga yadda za a yi.

A Maris 2007 Ran Balicer na Jami'ar Ben-Gurion a Isra'ila ya wallafa maƙala a mujallar Epidemiology. Ya kwatanta tsallen da jarumai suke yi zuwa birni da rawar da jiragen sama suka taka a cutar SARS ta 2003, wadda ta bazu daga wani otal a Hong Kong ta sauka a Toronto da Hanoi da Singafo cikin 'yan kwanaki. Dabbobin kuma ya kwatanta su da tsuntsaye a murar tsuntsaye, cutar da a Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar nau'inta na H5N1 a wata gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna, karo na farko a Afirka.

Bayan 'yan watanni Eric Lofgren da Nina Fefferman suka fitar da tasu a The Lancet Infectious Diseases. Lofgren shi kansa ɗan wasan ne. Abin da suka ɗora wa nauyi shi ne halin mutane. Fefferman ta sha faɗa cewa masu zuwa kallo su ne suka fi ba ta mamaki, domin ba ta saba sa son gani a cikin lissafinta ba, alhali a zahiri akwai masu kusantar annoba don aiki ko don ganin ƙwaƙwaf, kamar 'yan jarida. Shawararsu ita ce a haɗa kai da kamfanonin wasa a shirya irin wannan annoba da gangan, a auna komai tun daga farko.

Masu suka ma ba su yi shiru ba. Sun ce wanda ya san zai tashi bayan minti biyu ba zai yi abin da mai tsoron kabari zai yi ba. Amsar da aka ba su ita ce mutumin da ya zuba watanni a kan jarumi ɗaya, ya yi abokai da suna a ciki, ba ya ɗaukar abin da ya same shi a matsayin banza.

## 2008 zuwa 2020: annobar da aka shirya da gangan

A Oktoban 2008, gab da fitowar sabon babin wasan, Blizzard ta saki wata annoba da saninta. Wanda ya kamu yakan rikiɗe ya zama gawa mai tafiya, ya riƙa kai wa wasu hari. An ajiye masu magani a birane da farko, sannan aka riƙa rage su, aka kuma riƙa gajarta lokacin da cutar take ɗauka kafin ta nuna. Wasu sun ji daɗinta matuƙa. Wasu kuwa sun yi ta ƙorafi, domin ana kashe musu masu gwanjo da masu ba da aiki, wasan da suka biya ya gagare su. Kamar mako guda ta yi aka janye ta. Don nishaɗi da talla aka yi ta, ba a tsara ta don bincike ba.

Inda aka yi irin wannan don karatu shi ne Whyville, wata duniyar intanet ta yara da aka buɗe a 1999. Can an riƙa sakin wata cuta mai suna Whypox. Yaron da ya kamu sai jajayen ƙuraje su feso a fuskar jaruminsa, in yana hira kuma atishawa ta riƙa katse masa magana a rubuce. Ba ta kisa, amma tana taɓa abin da yaran suka fi damuwa da shi, wato kamanninsu da hirarsu. An tanadi wata cibiya a cikin garin inda za su duba yadda cutar take tafiya, su gwada lissafinta. Yasmin Kafai da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles sun yi nazarinta, har da yadda aka yi amfani da ita a darasin kimiyya a aji.

Da korona ta zo a 2020, 'yan jarida suka koma neman Lofgren da Fefferman, waɗanda a lokacin suna cikin masu aiki a kan cutar ta gaske. A Afrilun shekarar kuma aka sake buɗe Zul'Gurub a cikin tsohon zubin wasan da kamfanin ya dawo da shi a 2019, amma da ƙofar dabbobin a toshe.

## Hukunci

Ta fuskar fasaha kuskuren ƙarami ne, kuma dalilin gazawar matakan farko a fili yake. Sake kunna uwar garke kamar kwashe ruwa ne daga ɗaki alhali rufin yana yoyo. Facin 8 ga Oktoba ya yi aiki ne saboda ya je wurin da cutar take ɓuya. Killacewar son rai kuwa ta gaza saboda irin wannan mataki yana buƙatar kusan kowa, rushe shi kuma mutum ɗaya ya isa, musamman inda karya doka ba ta jawo wa mai karyawa asarar komai. Ya kamata a lura cewa abin da ya kawo ƙarshen annobar bai bi ta kan shawo kan mutane ba sam. An sauya dokar halittar duniyar ne, wanda kuwa babu gwamnati ko likitan da yake da wannan iko.

Ina ganin masanan 2007 sun yi gaskiya a kan babban batu. Tausayi da son gani da mugunta duk suna tura cuta gaba, kuma lissafin da bai san da su ba zai yi kuskure. Batun masu warkarwa ya fi tsaya mini a rai. A Yulin 2014 wani matafiyi ya sauka a Legas daga Laberiya ɗauke da Ebola, Dakta Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti, ita kuma ta kamu ta rasu a watan Agusta. Najeriya ta tsira da mutum 20 da suka kamu, 8 suka rasu, kuma ma'aikatan lafiya suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Wasan ya nuna cewa mai zuwa ceto yana cikin sahun farko na masu kamuwa. Abin da bai iya nunawa ba shi ne nauyin tsayuwa irin ta wannan baiwar Allah, wadda ta san babu tashi bayan faɗuwa.

Akwai kuma rauni a hujjar kanta. Ba wanda ya shirya wa abin, don haka ba a auna shi ba. Abin da masana suka dogara da shi labaran 'yan wasa ne da hotuna da bidiyo. Waɗannan sun isa su nuna cewa wani hali ya faru, amma ba su isa su ce kashi nawa ne suka gudu, kashi nawa suka tsaya ba, lissafin annoba kuwa wannan adadin yake nema. Abin da ya faru a 2008 ya nuna wahalar cike giɓin: kamfani ba zai so ya ɓata wa masu biyansa rai don amfanin bincike ba, 'yan wasa kuma in sun san gwaji ake yi, halinsu zai sauya.

Ta ɓangaren koyo, abin da ya faru a makon farko ba ƙarami ba ne. Dubban mutane sun gano tazara da haɗarin cunkoso da mai ɗauke da cuta ba alama, ba tare da allo ko littafi ba, saboda abin ya taɓa wani abu nasu. Amma wannan basirar ita ce dai ta ƙera makamin masu ɓarna. Wanda ya fi kowa fahimtar tsarin shi ya fi kowa iya cutar da shi. Shi ya sa na fi amincewa da hanyar Whyville, inda bayan yaro ya ji a jikinsa akwai wurin da zai je ya ga adadi, akwai kuma malamin da zai tambaye shi dalili.

Babban abin da ya ɓace a duniyar wasan shi ne yunwa. Jarumi ba ya buƙatar cin abinci don ya rayu, ba shi da iyalin da suke jiran cefane, mai shi kuma yana iya kashe kwamfuta ya dawo bayan mako ya tarar da dukiyarsa yadda ya bar ta. Duk wanda ya ga kullen Kano a Afrilun 2020, cikin azumi, ya san cewa yawancin masu fita ba kallo ya fitar da su ba, ba kuma mugunta ba. Ɗan dako ne da mai shayi da mai tura baro, waɗanda sai sun fita ake ɗora tukunya a gidansu. Wannan kashi na mutane, wanda shi ne mafi yawa a garuruwanmu, babu shi ko kaɗan a cikin abin da aka gani a 2005. Duk wanda zai gina irin wannan duniya don koyar da yaranmu ko don gwada matakin lafiya, sai ya sa jarumin da zai yi asara ta gaske duk ranar da bai je kasuwa ba, ya kuma kafa ma'auninsa kafin ya saki cutar.